Maman Mai Madubi da Ƙidayar Shirwa

Duk wanda ya zauna Madarumfa a shekarun da aka karya darajar kuɗin sefa ya san Maman Mai Madubi. Ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don in ya fara ba da labari a teburin mai shayi na bakin tasha, har masunta da ke tsakiyar tabki suna samun rabonsu. Manomi ne, in za a yi masa kara. Yana da 'yar gona a gefen tabki, iyaka da ta wani dattijo mai suna Kanta, amma gonar ta fi sanin hannun matarsa Ɗelu da nasa.

Asalin laƙabin kuwa, wata kaka ce wani Anasara ya zo da mota yana kallon tsuntsaye a bakin ruwa. Ya nemi wanda zai riƙa ɗaukar masa kujera da gorar ruwa, Maman ya ce ga shi. Da mutumin zai tafi, sai ya bar masa wani tsohon madubin hangen nesa wanda idonsa ɗaya ya fashe. Tun daga ranar kujera da gora suka ɓace daga cikin labarin.

"Ni da shi muka yi aikin," in ji Maman, yana shafa madubin da ke rataye a wuyansa kamar laya. "Ni ke gani, shi ke rubutawa. Da bakinsa ya ce, Mushe Maman, wato Malam Maman da yarensu, irin idonka ko a Faransa sai an tona."

Abdul'aziz, direban kamiyon da ke jigilar wake zuwa Jibiya, ya ajiye kofinsa ya ce, "Da wane harshe ya faɗa maka? Kai ba Faransanci ba, shi ba Hausa ba."

"Manya in sun haɗu ba sai sun yi magana ba."

Da kaka ta sake zagayowa, hatsi ya nuna, fara ta cika daji, sai shirwa da shaho suka fara gangarowa daga arewa suna bin ta, yadda suka saba tun ba a haifi kakan Maman ba. Wata safiya ya iso teburin shayi da babbar riga, ya ƙi zama, ya ce yana da sanarwa.

"Jama'a, an ƙidaya mutane a ƙasar nan. An ƙidaya shanu. Jakai ma likitan dabbobi ya san yawansu. Amma ga baƙi suna ratsa mu ta sama, su shige Najeriya ba takarda ba sallama, babu wanda ya san ko su nawa ne. To, bana ni zan ƙirga su, ɗaya bayan ɗaya. In na kai adadin Yamai, furoje, aikin raya ƙasa mai kuɗi, zai sauka garin nan. Za a gina mini buro, ofis nawa na kaina, a bakin tabki, da tuta."

Kanta, wanda ya zo sayen goro, ya dube shi ya ce, "In ka ƙirga su, za su daina ɗaukar 'yan tsaki?"

"A'a, Baba Kanta. Amma za mu san wadda ta ɗauka."

Washegari ya kafa tsani ya hau rufin ɗakin Ɗelu, ya runtse ido ɗaya, ya ɗora madubi a ɗayan. Ba a jima ba sai ga shirwa ta taho tana shawagi. Ya bi ta gabas, ya bi ta yamma. Ta yi ƙasa, shi ma ya yi ƙasa da madubin, sai ya tsinci kansa yana kallon tsakar gidan maƙwabciyarsa Hajiya Saratu, mai fataucin atamfa, tana zaune ba ɗankwali ana yi mata kitso.

"Kai Maman! Mi kake leƙe a gidana?"

"Hajiya, shirwa nake kallo."

"Ni ce shirwar?"

"Allah ya kiyaye! Ta yi ƙasa ne na biyo ta. Aikin gwamnati ne."

"Gwamnati ce ta aiko ka ka ga kaina tsefe? Bari in aiko mata da amsa!"

Ta raruma muciya ta wurgo. Maman ya ja da baya da sauri, ya manta rufin ya sha ruwan damina bai gama bushewa ba. Ƙafarsa ta dama ta burma har cinya. A cikin ɗaki Ɗelu na tankaɗen gari, ƙasa ta zubo mata cikin ƙwarya. Ta ɗaga kai ta ga ƙafa tana lilo, ta dubi kaushin diddigen ta gane mai ita.

"Malam, in shigowa za ka yi, ga ƙofa can."

Sai da maza biyu suka hau suka cire shi kamar rogo. Da yamma ya bayyana wa teburin shayi cewa cikin gari bai dace da binciken ilimi ba, mutanensa ba su waye ba tukuna.

Ya koma gonarsa ta bakin tabki. Ya sari itace, ya kafa wata doguwar rumfa irin ta masu korar tsuntsu, sai dai tasa ta ninka tasu tsawo, har in iska ta kaɗa tana rausaya. Da yake bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, sai ya ƙirƙiro dabarar lissafi: ya cika aljihu da soyayyar gyaɗa, ya ajiye ƙwarya a gindin rumfa. Duk shirwar da ta wuce, ya jefa ƙwaya ɗaya ƙasa.

Rana ta take, Kanta ya gaji da ɗaurin dammunan hatsinsa, ya ga inuwa a ƙarƙashin rumfar, ya zo ya miƙe ƙafa. Yana zaune sai ya ji ƙwas a cikin ƙwarya. Ya duba, gyaɗa. Aka jima, ƙwas. Dattijo ya ce a ransa, duk abin da za a ce game da yaron nan, yana da ladabi.

Da la'asar Maman ya sauko, wuya ya ƙage, ido ɗaya ya yi ja, yana murna. "Yau na kafa tarihi, Baba Kanta. Aljihu biyu na ƙarar." Ya leƙa ƙwarya, ya ga ƙwaya huɗu da ɓawo.

"Ina sauran?"

Kanta ya shafa cikinsa. "Sun yi kudu."

"Ka cinye ƙidayar ƙasa!"

"Ban san ta ƙasa ce ba, da na rage mata. Amma kada ka damu, ba ka yi wata asara ba. Tun hantsi shirwa uku ce ke zagaya kanka. Mai guntuwar wutsiyar nan, ita kaɗai ta ci maka aljihu guda. Duk zagayen da ta yi, sai na ji ƙwas."

Wani da ya ji wannan magana zai koma gida ya ɗauki lauje. Maman kuwa ya ce lalle Anasaran ma ya taɓa kuka da wannan matsala, kuma shi ya ba shi shawara a lokacin: a riƙa yi wa kowace alama.

Yadda za a yi wa shirwa alama tana sama, shi ne abin da ya rage. Ya ɗauki ƙullin shunin da Ɗelu ta ajiye don rinin zanenta, ya karɓo hanji da tumbi a wurin Faruk mahauci, ya cuɗa su da shuni har suka yi baƙi-baƙi, ya shimfiɗa a fili bayan kasuwa. Duk wadda ta sura, ƙafarta za ta rine, ba sauran a ƙirga ta sau biyu.

Shirwa ta zo, ta zagaya, ta duba, ta wuce abinta. Angulu kuwa ba ta da wannan girman kai. Kafin ya kore ɗaya, goma sun sauka, suka tsoma kawunansu har wuya.

Da gari ya waye, Madarumfa ta tashi da abin da ba ta taɓa gani ba: angulaye masu shuɗin kai, jere a kan katangar Hajiya Saratu, wasu a kan rumfar mahauta, suna kallon mutane. Mata suka janye yara cikin gida. Wani ya ce aljannun tabki ne suka fito, wani ya ce daga Najeriya aka turo su. Hajiya ta sa aka yi mata saukar karatu. Faruk ya wuni yana kore ƙuda, babu wanda ya tsaya ko taya nama, don an ce duk abin da ya rina kan angulu a rumfarsa aka ci shi.

Maman ya zo teburin shayi hannuwa a cikin riga, ya yi shiru, abin da ya fi angulayen ba mutane mamaki. Mai shayi ya miƙo masa kofi, ya manta, ya fiddo hannu. Shuɗi ne har gwiwa.

Abdul'aziz ya dubi hannun, ya dubi katangar Hajiya. "Ashe ga uban aljannun nan a cikinmu."

Faruk ya taso da wuƙar fawa a ƙugu. "Hanjin da ka ce Ɗelu ke sha'awar farfesu?"

"Ku saurara," in ji Maman, yana ja da baya. "Angulu ma mai cin nama ce, tana cikin lissafi. Goma sha bakwai ne, kuma yanzu babu wadda za ta ɓace mana. Ku nuna mini wani gari da ya san angulayensa."

Sai da liman ya shiga tsakani. A gida kuma Ɗelu ta ajiye masa tuwo ba miya, ta ce miyar ta bi shuni.

Abdul'aziz ne ya jawo fitina ta ƙarshe, ba da niyya ba. Ya dawo daga hanyar Safo yana ba da labari, ya ce ya wuce inda daji ke ci da wuta, fara na tashi, shirwa ta taru a kai kamar ana rabon zakka. "Da kana can, Maman, da buhun gyaɗa ma bai ishe ka ba."

Maman ya ajiye kofi a hankali. "Wannan ai tsohuwar dabarata ce. Jira nake lokacinta ya yi."

Ya bi gari lungu-lungu yana gayyata: ranar kasuwa bayan la'asar, a gonarsa, zai tara duk shirwar arewa wuri ɗaya ya ƙirga su a gaban kowa. Da aka tambaye shi ta yaya, ya ce sirrin sana'a ne. Sannan ya ga taro irin wannan bai kamata a yi shi ba babban baƙo ba. Ya sa hula, ya tafi buron gandun daji, ya gayyaci jami'in da ke wurin, wato mutumin da aikinsa duka shi ne kama masu sa wa daji wuta. Jami'in, mutum ne mai son tsuntsaye, ya ji daɗi ƙwarai da ya sami manomi mai irin wannan kishi, ya ce zai zo.

Ɗelu kaɗai ta gano sirrin, don ta ga ya ɓoye kwalbar kananzir a cikin riga.

"Malam, harawarmu tana gonar ba a kwashe ba. Dammunan Baba Kanta suna jibge a kan iyaka. Abincin gidansa ne na shekara."

"Na share hanya tsakani. Wuta ba za ta ƙetare ba."

"Na ga hanyar. Akuya ma sai ta matse kafin ta bi."

"Ɗelu, wuta tana jin maganar wanda ya san ta."

Ranar ta zo. Masu kasuwa suka naɗe tabarmi da wuri, masu amalanken jaki suka tsaya, masunta suka jawo jirage bakin gaɓa. Hajiya Saratu ta zo da kujerarta, ta ce ba za a ba ta labari ba. Jami'in gandun daji ya iso cikin kaki a motar aiki, aka shimfiɗa masa tabarma a gaba. Maman ya ce a ba shi ɗan lokaci zai yi shiri, ya zagaya bayan karan dawa inda ba a ganinsa. Jim kaɗan ya fito da gudu, ya haye rumfa, hayaƙi na tashi a bayansa.

Gaskiya a faɗe ta: dabarar ta yi aiki. Fara ta tashi daga ciyawa tamkar an kaɗa tabarma. Shirwa ta fara zuwa bibbiyu, sannan gomma-gomma, daga kan tabki, daga arewa, daga inda ba a san akwai su ba. Shaho na ratsa su kamar kibiya. Sama ta yi duhu da fikafikai. Mutane suka buɗe baki.

"Ɗaya! Biyu! Uku!" Maman na ihu daga sama. "Tara! Ashirin! Kun gani? Hamsin! Wa ya ce ƙarya nake? Ɗari!"

"Daga hamsin sai ɗari?" in ji Abdul'aziz.

"Da sauri suke zuwa!"

Kowa na kallon sama, ban da mutum biyu. Jami'in ya miƙe tsaye yana duban hayaƙin, murmushinsa ya ɗauke. Kanta kuma ya ji iska ta taɓa masa kunnen da ba shi ta taɓa ɗazu ba.

"Ta juya!" ya yi ihu. "Hatsina!"

Wuta ta tsallake hanyar da Maman ya share ba ta ko lura da ita ba. Taro ya watse. Maza suka karyo rassan bedi suka yi kan dammuna, mata suka kafa layi daga tabki da bokitai da ƙore, Hajiya Saratu ta tuɓe mayafi ta tsoma a ruwa tana dukan wuta tana tsine wa masu ilimi. Jami'in da kansa ya karɓi reshe. Kanta, da tsufansa, yana jan dami biyu-biyu yana tari.

Babu wanda ya tuna da mai ƙidaya. Wuta ta cinye harawar Ɗelu ƙurmus, ta zo gindin rumfa ta fara da tsani.

"Jama'a! A kawo tsani!"

"Ci gaba da ƙirga!" in ji Faruk, bai ko juyo ba.

"Abdul'aziz, ɗan'uwana! Kawo kamiyo in diro a kai!"

"Ba mai!"

Rumfa ta karkata. Gefen babbar riga ya kama da wuta. Maman ya dubi wuta, ya dubi tabki, ya yi salati da muryar da ba a san yana da ita ba, ya yi tsalle. Bai kai ruwa ba. Ya faɗa cikin taɓon gaɓa, ya nutse har ƙugu, ya tsaya a nan kamar an dasa shi, riga na hayaƙi, shirwa na shawagi a kansa babu iyaka.

Da ƙyar aka kashe wutar. Hatsin Kanta ya tsira, in ban da 'yan dammunan gefe da suka babbake. Dattijon ya zauna a ƙasa yana duban su, kuma a lokacin babu wanda ya yi dariya. Sai da ya sha ruwa numfashinsa ya dawo, sannan aka jefa wa Maman igiya aka ɗaura wa jaki, aka tumɓuke shi. Wando ya zauna a taɓo. Ɗelu ta miƙa masa zane ba ta dube shi ba.

Jami'in ya karkaɗe toka daga kakinsa, ya dubi taro. "Wa ya kunna wutar nan?"

Jama'a suka dubi juna. Babu wanda ya ga lokacin da aka ƙyasta ashana, kuma duk haushin da ake ji, Maman ɗan gari ne. Kanta ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dubi Ɗelu da ke tsaye kan tokar harawarta, ya yi ajiyar zuciya.

"Ranka ya daɗe, kaka ce. Wataƙila wani mai wucewa ne ya yar da guntun taba."

"Haka ne," in ji Abdul'aziz. "Ni ma kamar na ga wani baƙo ya bi ta nan."

Har Hajiya Saratu ta ce baƙi sun yi yawa a garin nan. Ɗelu ta ƙura wa mijinta ido, ta ɗora yatsa a leɓe.

Maman ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ɗaga kai ya ga shirwa har yanzu ta rufe sama, abin da Madarumfa ba ta taɓa gani ba, ga shi ana shirin ba wani baƙo mai guntun taba yabon aikin.

"Wane baƙo?" ya ce, yana gyara ɗaurin zane. "Mai wucewa ne zai san inda za a zuba kananzir? Mai wucewa ne zai san lokacin da fara ke kwance? Ranka ya daɗe, kada ka saurare su, hassada ce. Ni na tsara, ni na kunna, da hannun nan. Ba wanda zai ci gumina ina tsaye."

Kanta ya rufe fuska da tafin hannu.

"Madalla," in ji jami'in. "Ka hutar da ni. Shiga mota."

Maman ya nufi ƙofar gaba. Aka nuna masa baya, inda aka loda itacen da aka ƙwace a hanya. Ya hau, ya tsaya a kan itacen, taɓo na ɗiga, ya ɗaga wa jama'a shuɗin hannunsa.

"Ɗelu! Duk wanda ya zo nemana, ki ce gwamnati ta aiko da mota ta ɗauke ni."

"Zan faɗa. In sun ce yaushe za ka dawo fa?"

Jami'in ya tayar da mota, ya leƙo ta taga.

"Kwanakin gidan kaso shi zai ƙirga da kansa. Su ba sa zagayawa kamar shirwa."